Kawu na kwance a Amurka, an turo mana taurari mu zaɓa masa gidan jinya

Ɗan Bolari:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan wannan lamari ya fahimtar da ni, don magana ta raba gidanmu biyu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, tun kafin a haife ni ya tafi karatu Amurka, aiki ya riƙe shi, yanzu yana Columbus a jihar Ohio. Bayan ƙaramar sallah hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya iya juyawa a gado da kansa, magana ma sai an kasa kunne. Asibiti sun ce sun gama nasu, abin da ya rage gashin ƙashi ne da jinya ta dare da rana, kuma sun ba da shawara kada a mayar da shi gida a haka. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa biyu ne, babbar aikin dare take yi ga yara ƙanana, ƙaramin kuma yana wata jiha mai nisa. Shi ne aka ce a nema masa gidan kula da tsofaffi, irin wanda akwai nas a ciki kowane lokaci.

'Yar tasa ta turo hotunan gidaje biyu a gurup ɗin zumunci na WhatsApp, ta ce daga shafin gwamnati ta ɗauko, wai Care Compare. Ɗaya yana da taurari biyar, amma tafiyar kusan awa guda ce a mota daga gidanta. Ɗayan taurari uku, yana bayan unguwarsu, ko da ƙafa za ta iya leƙawa. Inna ta rantse ɗan'uwanta ba zai kwanta a mai uku ba alhali ga mai biyar. Hamma kuma ya ce duk talla ce, wanda ya biya kuɗi shi ake manna wa taurari.

Ni da na buɗe hotunan da kyau na ga a ƙarƙashin babban makin akwai wasu layuka uku, kowanne da nasa taurarin. Mai biyar ɗin: binciken lafiya huɗu, ma'aikata biyu, ingancin jinya biyar. Mai ukun: bincike uku, ma'aikata huɗu, inganci uku. To yaya gidan da ya ci biyu a ma'aikata zai tashi da biyar? Wa ke ba da wannan maki, kuma me yake aunawa? A cikin makon nan ake so a yanke shawara, ni kuma aka ɗora wa bayanin saboda wai ni ne ɗan boko.

Baffa Na Herwagana:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Yaro, ku bar lissafin taurari ku yi lissafin kuɗin jirgi. Mutumin da yayarsa ke raye, ga 'ya'yanta maza da mata cike da gida a Bolari, shi za a kai gidan gajiyayyu a ƙasar da ko kiran sallah ba zai ji ba? Wa zai yi masa alwala? In ajali ya zo cikin dare, wa zai laƙƙana masa kalmar shahada? Gashin ƙashi ai ana yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin Gombe. Mu da muka yi jinyar iyayenmu babu wanda ya ba mu tauraro, kuma har suka koma ga Allah suna sa mana albarka. Ku dawo da shi gida.

Adda Nas:

Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni 'yar Kumo ce, aikin jinya nake yi a irin waɗannan gidaje a jihar Maryland, don haka abin da zan faɗa maka a bakin aiki na gan shi. Baffa, a gafarce ni, zan fara da tambayar yaron, maganarka kuma tana da nata muhallin.

Ƙanena, ka faɗa wa Hamma ba saye ake yi ba. Hukumar gwamnatin tarayya da ke riƙe da inshorar lafiya ta Medicare (ta tsofaffi) da Medicaid (ta masu ƙaramin ƙarfi), wato CMS, ita ke fitar da taurarin tun Disambar 2008, kuma duk gidan da ke karɓar kuɗin waɗannan inshora dole a saka shi, gidaje kusan 15,000 a faɗin ƙasar. Amma Inna ita ma ta sani, layukan nan uku ba nauyinsu ɗaya ba, don ba daga hannu ɗaya suka fito ba.

Na farko, binciken lafiya, shi ne wanda wasu daga waje suka zo suka gani da idonsu. Sufetocin jiha ne, ba sa sanarwa, kuma doka ta ce kada a wuce wata 15 tsakanin zuwa da zuwa, ko da yake jihohi da yawa suna makara. Kwanaki suke yi a gidan. Su shiga kicin su auna sanyin firij, su tsaya a kan nas tana raba magani, su duba ko an wanke hannu, su keɓe da tsofaffi su tambaye su. Ana haɗawa da ƙorafe-ƙorafen da iyalai suka kai aka bincika. Sai a jera gidajen jihar: kashi 10 cikin ɗari na sama su sami biyar, kashi 20 na ƙasa su sami ɗaya, sauran kashi 70 a raba musu biyu, uku da huɗu. Ka ga ke nan huɗun da wancan gida ya samu da gidajen Ohio kaɗai aka gwada shi.

Na biyu ma'aikata. Da can gida ne ke rubuta adadin ma'aikatansa da kansa, wasu har su ƙaro mutane in sun ji ƙamshin bincike. Tun 2018 aka koma amfani da takardun biyan albashi da suke miƙawa duk wata uku, wanda ana iya bin diddiginsa. A 2022 aka ƙara abu biyu masu amfani sosai: yawan ma'aikata a ranakun Asabar da Lahadi, da kuma yawan waɗanda ke ajiye aiki a shekara.

Na uku, ingancin jinya, a nan nake so ka buɗe ido. Ana ƙirga abubuwa irin su gyambon kwanciya, faɗuwa har a karye, ciwon sanyin mafitsara, barin robar fitsari ba dalili, da yawan waɗanda aka ɗora kan magungunan taɓin hankali. Sai dai mafi yawan wannan bayani mu ma'aikatan gidan ne ke cikewa a fom mu aika. Ɗalibi ne ke yi wa kansa makin jarrabawa. Wani ɓangare kaɗan ne ke fitowa daga takardun biyan kuɗin Medicare, kamar yawan waɗanda aka sake mayarwa asibiti, shi wannan ya fi wuyar murɗawa. A 2021 jaridar New York Times ta yi dogon bincike ta nuna yadda gidaje da yawa suke aika bayanan da suka fi gaskiyarsu kyau.

Yanzu ga lissafin da ya rikita ka. Da taurarin bincike ake farawa. In ma'aikata biyar ne a ƙara ɗaya, in ɗaya ne a rage ɗaya. Haka ma inganci. Tsakanin biyu zuwa huɗu ba ƙari ba ragi. Wancan gida ya fara da huɗu, biyunsa na ma'aikata bai rage masa komai ba, biyar ɗin da ya samu daga fom ɗin da ya cike da hannunsa ta ɗaga shi zuwa biyar. Na kusa da gida ya fara da uku, huɗunsa na ma'aikata bai ƙara masa komai ba, ya tsaya a uku.

In mahaifina ne, kuma ba ya iya juyawa da kansa, layin ma'aikata zan fara kallo. Mutum irin Kawu sai an juya shi kamar duk awa biyu, a canja masa famfas a kan lokaci, a zauna a ba shi abinci a hankali kada ya shaƙe. Ba likita ke yin wannan ba, mataimakan nas ne, kuma in mutum ɗaya aka bar wa ɗakuna da yawa cikin dare to wani zai kwana a jiƙe, komai kirkin ma'aikacin. Wani nazari da aka yi wa CMS a 2001 ya nuna ana buƙatar kusan awa 4.1 na jinya ga kowane mutum a rana. Awannin kowane gida suna nan a rubuce a shafin, 'yar Kawu ta danna ta gani.

Ɗan Bolari:

Adda, Allah Ya saka da alheri, yanzu na ga inda biyar ɗin ta fito. Na karanta wa Inna, ta yi shiru, daga baya ta ce to a nemo mai biyar a duka layukan mana. Akwai kuma wani gida na uku da ɗan Kawu ya kawo, hotunansa har da lambu da ɗakin cin abinci mai kyau, kowa da ɗakinsa, amma mun neme shi a shafin ba mu ga tauraro ko ɗaya ba. Ɓoyewa suka yi?

Adda Nas:

Ba ɓoyewa ba ne, wani nau'in gida ne daban. Irinsa na tsofaffin da ke da sauran ƙarfi ne, mutum yana ɗakinsa, a taimaka masa da wanka, sa kaya, shan magani da abinci. Gwamnatin tarayya ba ta duba su, ba ta ba su taurari. Kowace jiha ke ba su lasisi da nata dokokin, wata ta saka rahoton bincikenta a intanet, wata sai ka nema. Shi ya sa gwada irin waɗannan gidaje ya fi wuya, sau da yawa hoton lambun ne kawai a hannunka. Kuma Medicare ba ta biyan kuɗin zama a cikinsu. A halin da ka kwatanta, ban ga ya dace da Kawu ba yanzu.

Kun yi sa'a da Ohio ta wani fanni. Ma'aikatar kula da tsofaffi ta jihar tana sa a tambayi mazauna gidajen da iyalansu ko sun gamsu, ta wallafa sakamakon. Taurarin tarayya ba su da wannan, babu layin da ya tambayi tsohon da kansa. Ku nemi wannan sakamakon na gidajen biyu.

'Yar Kawu ta kuma duba ko akwai alamar tafin hannu cikin jan da'ira kusa da sunan gida. Tun Oktobar 2019 ake saka ta ga gidan da aka samu da laifin cin zarafi ko sakaci da mazauna. In ta gan ta, ta wuce.

Batun kuɗi, tunda zai taso: in Kawu yana da Medicare kuma ya kwana uku a asibiti a matsayin wanda aka kwantar, tana iya biya har kwana 100 muddin yana buƙatar jinyar ƙwararru. Kwana 20 na farko babu abin da zai biya, daga nan akwai kasonsa kullum. Bayan haka sai aljihu ko Medicaid. Ta tambayi kowane gida tun yanzu ko za su ci gaba da riƙe shi in ya koma Medicaid.

Maman 'Yan Biyu:

Sannunku da jinya. Ni daga Wunti nake a Bauchi, ina aikin kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Mu nan ba taurari ba ne, hukumar CQC mai duba gidajen jinya da asibitoci ce ke ba da matsayi huɗu tun 2014: ya yi fice, yana da kyau, yana buƙatar gyara, bai isa ba. Tambayoyi biyar suke bi, ko akwai kariya daga cutarwa, ko jinyar na aiki, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatun mutum, ko shugabancin na da kyau. Dole gida ya manna matsayinsa inda kowa zai gani.

Abin da zan ƙara a kan na Adda shi ne a duba kwanan wata. Gidan da na fara aiki yana da "yana da kyau" manne a bakin ƙofa, amma manajar da aka yi binciken a hannunta ta daɗe da barin wurin, yawancin ma'aikatan ma sababbi ne, wasu dare da ma'aikatan haya ake cikewa waɗanda ba su san sunan kowa ba. Takardar tana nan, gidan da ta kwatanta ya riga ya canja. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita kanta CQC ɗin, aka gano kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da take da ikon dubawa ba a taɓa ba su matsayi ba, wasu kuma matsayinsu ya yi shekaru ba a sabunta ba.

Sai abin da babu hukumar da ke aunawa, wallahi kuma mu ma'aikata mun sani: tsohon da 'yarsa ke iya faɗowa kowane lokaci, da safe ko bayan isha'i, ba a barinsa da ƙazantar jiki. Ba don an ƙi sauran ba, aiki ne ke yin yawa, sai a fara da wanda za a tambaya. Tafiyar awa guda ga mai aikin dare da yara, wata na farko za ta jure, daga baya zai koma ranar Lahadi kaɗai.

Malamin Asibiti:

Baffa, da girmanka, bari in ce wani abu a kan a dawo da shi gida. Bayan na tashi daga aiki ina zagawa gidaje wankin ciwo, Tudun Wada, Pantami, Jekadafari, duk ina shiga. Akwai gidajen da in ka ga yadda ake jinyar tsoho sai ka yi sha'awa. Akwai kuma waɗanda makon farko ɗaki ba ya ɗaukar 'yan dubiya, bayan wata biyu tsohon yana ɗakin baya, an bar shi da matar ɗa guda ɗaya ko yarinya 'yar aiki. Sai wari ya fara fita a kira ni, in ɗaga zani in tarar da gyambo a ƙugu har ana hango ƙashi. Kuma duk mutanen gidan suna sonsa, babu wanda ya san ana juya mara lafiya ne kawai, babu kuma wanda zai zo daga waje ya tambaya.

Su can aƙalla ana ƙirga gyambon, ko da wani gida zai yi ƙarya a ƙirgar. Namu ba a rubuce yake ko'ina ba. Muna da dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma ni a zagayena ban taɓa cin karo da wanda ya zo duba yadda ake jinyar tsoho a gida ba. Yanzu kuma ga masu jinyar haya suna yawaita, a biya mutum wata-wata ya kwana da mara lafiya, ba wanda ya tambaye shi inda ya koyi aikin.

In har aka yanke dawo da shi, ban ce kada a yi ba. A tanadi katifar iska, a san waye zai kai shi gashi da wace mota, a raba kwana tsakanin maza tunda namiji ne, a ajiye littafi a gefen gado ana rubuta lokacin juyi, abinci, magani da awon jini. Duk Juma'a wani babba ya ɗaga riga ya duba baya, ƙugu da dunduniya da idonsa.

Baffa Na Herwagana:

Malam, ban musa ba, na ga irin wannan a dangina ma. Amma shi mara lafiyar an tambaye shi kuwa? Ko don bakinsa ya karkace an ɗauka ba shi da ta cewa?

Ɗan Bolari:

Baffa, an tambaye shi. Ya ce yana son gida, amma sai ya fara iya zama a keke, likitansa ma bai yarda da doguwar tafiyar jirgi yanzu ba. Don haka gidan jinyar na wucin gadi ne in Allah Ya yarda.

'Yar tasa ta je na kusa da ita ranar Asabar da yamma ba ta sanar ba. Ta ce babu zarni a baranda, ta ga an amsa ƙararrawar wani ɗaki tana tsaye, kuma biyu daga cikin mataimakan 'yan Somaliya ne, sun ce akwai Musulmi a gidan, ana kawo musu abincin halal. Amma Adda, ta buɗe rahoton binciken ƙarshe ta ga an kama su da laifuka har guda bakwai, Inna ta sake tayar da hankali. Wancan mai taurari biyar ɗin laifi uku ne kawai.

Adda Nas:

Kada ku tsaya a adadin, ku duba harafin da ke gefen kowane laifi. Daga A zuwa L ake jerawa. A zuwa C ƙananan abubuwa ne. D, E da F na nufin ba a cutar da kowa ba amma akwai yiwuwar hakan, a nan yawancin laifuka suke, kamar abinci a firij ba kwanan wata ko fom da ba a cike ba. G, H da I an riga an cutar da wani. J, K da L kuwa rai ko lafiyar mutum ta shiga haɗari nan take. Laifi bakwai duka D ya fi sauƙi a kan uku da G ko J a ciki. Ta karanta na gidajen biyu, ta fi mai da hankali kan duk abin da ya shafi gyambo, faɗuwa, magani da shaƙewa wajen cin abinci.

In an kwantar da shi, za a kira taron tsara jinyarsa a makonnin farko, tana da haƙƙin zama. A nan za ta sa a rubuta cewa ya fi son namiji ya yi masa wanka, ba ya cin naman alade, a taimaka masa da alwala ko taimama, kuma kada a fara masa wani maganin kwantar da hankali ba a sanar da ita ba. Wannan na ƙarshen ta riƙe shi da kyau. Ma'aunin magungunan taɓin hankali ba ya ƙirga masu cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, shi ya sa wasu gidaje suka riƙa laƙaba wa tsofaffi cutar don makinsu ya yi kyau, har CMS ta fara binciken hakan a Janairun 2023.

Akwai kuma jami'in sauraren koken mazauna gidajen jinya a kowace jiha, kyauta ne, ba ma'aikacin gidan ba ne, lambarsa na manne a bango. Ta kira ofishinsu na yankin Columbus tun kafin ta sa hannu, ta tambaye su irin koken da suke samu daga gidajen biyu. Ka turo mini haruffan in ta duba.